Mai Liƙa Fasta

Ƙarfe biyun dare nake fita,
bokitin sitaci a dama,
fuskoki ɗari biyar a hammata,
duk suna murmushi, ba wanda ya gaji.

Daga Kakuri har gindin gadar Kawo
babu bangon da bai san tafin hannuna ba.
Dogara na riƙe tsani, ni ina hawa,
ba mu taɓa tambayar juna jam'iyya ba.
Naira hamsin kowace fuska.
Wanda ya biya daga baya, shi ke sama.

Akwai mutumin da na liƙa sau huɗu:
hularsa ɗaya, wushiryarsa ɗaya,
tutar bayan kunnensa kaɗai ke sauyawa.
Wancan karon ya ce waɗancan ɓarayi ne,
bana akushi ɗaya suke sa hannu.
Ni dai na shafa masa sitaci a ƙeya,
na danna shi kan fuskarsa ta da.

Bangon masaƙa ya fi kowanne kauri.
Sa farce ka ɓare ka gani:
zaɓe a ƙarƙashin zaɓe,
kamar albasa, har da hawayen.
Can ƙasa akwai wanda ya rantse zai tada injuna.
Babana Sallau, shekara ashirin da biyu a sashen rini,
ya gaskata shi.
Ya wanke rigar aiki, ya goge, ya rataye a ƙusa,
ya ja ƙafarsa mai ciwo ya bi layi tun asuba.
Rigar tana nan a ƙusa.
Shi kuwa mun kai shi,
kuɗin sallamarsa bai iso ba.

Kada ka ce ba ni da kati, ina da shi.
Kwana uku na sha rana kafin a ba ni.
Gefensa da kaifi,
ba abin da ya kai shi kankare tsohuwar takarda.
Hotona ya dushe, sunana saura rabi,
amma wannan aikin, ko ba komai, yana biya.

A teburin shayin Gambo an daina musu.
Da, har kofi ake fasawa saboda jam'iyya.
Yanzu rediyo na soma "idan kuka zaɓe mu"
sai a ce, "Murɗa, nemo mana ƙwallo."
Ladidi mai ƙosai ta karɓi atamfar ɓangare uku,
ta haɗa su zanin gado.
Ta ce ranar zaɓe a kansu za ta yi barci,
su ma su ji nauyin mutum.

Da safe awaki ke bin sawuna.
Sitacin suke so.
Na ga wata ta cinye alkawarin ruwan famfo,
ta bar gemun mai alkawarin yana reto.

Shekaranjiya Barira ta shigo da nata katin,
sabo ful, ta naɗe shi a leda kamar layar kaka.
Ta ce, "Baba, rumfarmu ɗaya,
firamaren Kurmin Gwari.
Tare za mu je?"
Na buɗe baki in ba ta labarin rigar,
sai na ga idon Sallau a fuskarta,
irin na wannan asubar.
Na ce, "Miƙo min ruwa."

Daren jiya a shataletalen tasha
Dogara ya ce, "Ina katin? Bangon nan sai an kankare."
Na taɓa aljihu, yana nan.
Na sauko, na tsinci murfin gwangwanin madara,
da shi na yi aikin har gari ya waye.
Ya yanke ni a yatsa biyu.
Dogara bai tambaye ni dalili ba,
ni ma ban tambayi kaina ba.
Saura kwana tara.